HUKUNCIN AGAZA WA ABOKIN GABA RANAR MUSIBA

  

Ya kai ɗan'uwa, mas'alar da za mu duba ita ce wannan. Idan musiba ta auka wa ƙasar da dama can ana yaƙi a cikinta, gini ya rufta kan mutane, ko ruwa ya ci gari, ko yunwa ta shigo, shin ana tambayar wanda ke ƙarƙashin ƙasa ɓangarensa kafin a tono shi? Kada ka yi saurin cewa a'a. Kowa a'a yake cewa in yana zaune kan tabarmar masallaci da cikinsa cike. Bari mu ɗauko abin da ya auku a wata ƙasa, sa'an nan mu kawo shi gida, mu ga ko a'ar taka za ta tsaya da ƙafarta.

ABIN DA YA AUKU A SHAM

Ranar Litinin 6 ga Fabrairu 2023, da ƙarfe 4:17 na dare, kafin a kira assalatu, ƙasa ta girgiza a kudancin Turkiyya da arewacin Siriya. Ƙarfinta maki 7.8 ne a ma'aunin girgizar ƙasa. Bayan kamar sa'a 9 wata ta biyo, mai maki 7.5. Tsakiyar hunturu ne, mutane suna barci cikin benaye. Waɗanda suka mutu a Turkiyya sun haura 50,000, a Siriya kuwa an ƙidaya wajen 6,000.

To, Turkiyya ƙasa ce mai gwamnati ɗaya da filayen jirgin sama. Kafin kwana biyu masu ceto daga ƙasashe barkatai sun sauka da karnukansu da injunansu. Siriya fa? Ita a lokacin tun 2011 ake yaƙi a cikinta. Yankin Idlib da arewacin Halab ba sa hannun gwamnatin Bashar Assad a lokacin, kuma akwai mutum wajen miliyan 4 a can waɗanda tun kafin girgizar da kayan agaji suke rayuwa, da yawansu yaƙi ya riga ya kore su daga garuruwansu. A 2014 Kwamitin Tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya ya halatta ƙofofi 4 da za a riƙa shigar da agaji Siriya ba tare da jiran iznin Damashƙa ba. Aka yi ta ja-in-ja, Rasha da Sin suna hawa kujerar na-ƙi, har zuwa 2020 ƙofa ɗaya tak ta rage, watau Babul Hawa.

Ka san masu aikin ceto sun ce wanda gini ya danne, mafi yawan rabonsa yana cikin sa'o'i 72 na farko. Bayan nan ƙishirwa da sanyi da zubar jini kan gama da shi. Motocin Majalisar Ɗinkin Duniya na farko ba su ƙetare Babul Hawa ba sai ranar 9 ga wata, su 6 kacal, kuma abin da suka ɗauko kaya ne da aka shirya tun kafin girgizar, babu injin ɗaga kankare ko ɗaya. An ce hanya ta lalace ta wajen Turkiyya, kuma gaskiya ne ta lalace. Amma a waɗannan kwanakin an yi ta shigo da gawawwakin mutanen Siriya da suka mutu a Turkiyya ta wannan ƙofar domin a binne su a gida. Hanyar da ta ɗauki gawa ba ta ɗauki gurasa ba. A garin Jindiris 'yan sa-kai masu farar hular kwano suka yi ta tono da shebur da hannu, suna jin muryar mutane a ƙasa har ta ɗauke. Sai ranar 13 ga wata Assad ya yarda a buɗe ƙarin ƙofofi 2, Babus Salam da Ra'i. Shi kansa Martin Griffiths, babban jami'in agaji na Majalisar a lokacin, ya je bakin iyakar ya amsa a fili cewa sun gaza wa mutanen yankin.

Kada kuma ka ɗauka laifin na ɓangare ɗaya ne. Ƙungiyar Hai'atu Tahrirish Sham, wadda ke riƙe da Idlib a lokacin, ta ƙi yarda kaya su shigo mata ta wajen gwamnati, don kada Assad ya samu abin faɗa. Ayarin man fetur da Kurdawa suka aiko shi ma ya yi kwanaki a tsaye. Kowane shugaba yana da hujjarsa, kuma in ka saurare shi za ka ji kamar da gaskiya a ciki. Sai dai duk masu hujjar nan a ɗaki mai ɗumi suka kwana. Duniya kuwa juyi-juyi ce: ranar 8 ga Disamba 2024 Assad ya gudu, shugaban waccan ƙungiya ya hau kujerarsa. Wanda ya mutu a Jindiris ranar 8 ga Fabrairu yana jiran injin, wannan canji bai dawo da shi ba.

ME YA HAƊA MU DA SU?

Za ka ce, Malam, mu nan Zuru ƙasa ba ta girgiza. Haka ne, alhamdu lillahi. Abin da muka sani a Nijeriya 'yar motsi ce, kamar ta Kwoi a Jihar Kaduna a 2016 da ta Mpape a Abuja a 2018, bango ya tsage, mutane suka firgita, shi ke nan. Amma rabin farko na labarin Sham, watau yaƙin, ai muna da shi. A watan Yuni 2021 'yan sanda da bakinsu suka ce an kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko-Wasagu. A Maris 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a ƙasar Sakaba, sama da 60 suka kwanta dama, bayan kwana biyu aka far wa ayarin mataimakin gwamna na lokacin Samaila Yombe a Kanya. Ranar 17 ga Nuwamba 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da 'yan mata 25. Wa ke cikinku da bai ga matan da suka taso daga wajen Bena ko Dirin Daji da tabarma a ka da yaro a baya ba?

Rabi na biyu kuma ba sai ƙasa ta girgiza ba. Maiduguri, bayan shekara 15 na rikici, madatsar Alau ta ɓalle mata ranar 10 ga Satumba 2024. Mokwa, nan Jihar Neja maƙwabciyarmu, ruwa ya ci sama da mutum 150 a dare ɗaya a ƙarshen Mayu 2025. Gonar da ba a noma ba saboda tsoro ita ma musiba ce, sai dai a hankali take kisa. Saboda haka mas'alar tamu ce.

Akwai wata magana da zan kawar da ita tun da wuri, domin ita ce mafakar marowaci. Da zarar musiba ta samu mutanen da ba ya so sai ka ji ya ce, ai azaba ce, alhaki ne ya kama su. Wa ya ba ka labarin gaibu? Annobar Amwas ta shekara ta 18 bayan Hijira, a wannan ƙasa ta Sham ɗin, ita ta ɗauki Abu Ubaida ɗan Jarrah da Mu'azu ɗan Jabal, Allah ya yarda da su. Su ma alhaki ne? Ya tabbata a hadisi ingantacce cewa wanda gini ya rushe a kansa yana cikin waɗanda aka lasafta shahidai. Girgizar ƙasar Myanmar ta 28 ga Maris 2025 ranar Juma'a ta zo, cikin Ramadan, ta iske Musulmi a masallatai. Musiba tana sa mai hankali ya binciki kansa ya tuba. Wanda ya mai da ita abin binciken wani, alhali yana riƙe da buhu ya ƙi kwancewa, wannan rowa ce ya naɗa mata rawani.

HATSIN YAMAMA

Yanzu ga hujja. Sumamatu ɗan Usal shugaba ne cikin Banu Hanifa a Yamama, ƙasar da Makka ke samun alkama daga gare ta. An kamo shi, aka ɗaure shi a ginshiƙin masallacin Madina kwana 3, sa'an nan Annabi (S.A.W.) ya sa aka sake shi ba fansa. Ya musulunta, ya tafi Umra, ya rantse wa Ƙuraishawa cewa ko ƙwayar alkama ba za ta ƙara zo musu daga Yamama ba sai Annabi ya yi izni. Ya kuwa cika. Yunwa ta kama Makka. Ƙuraishawa suka rubuta wa Annabi (S.A.W.) suna roƙonsa don zumunta, shi kuma ya aika wa Sumamatu ya sakar musu hatsi.

Tsaya ka duba su wane ne waɗannan. Su ne suka kore shi daga garinsu. Su ne suka kashe Hamza a Uhudu. Su ne kuma, tun a Makka, suka rubuta takardar ƙaurace wa Banu Hashim, suka tsare su a kwarin Abu Ɗalib wajen shekara 3, ba saye ba sayarwa, har ana jin kukan yara daga bayan kwarin. Watau makamin yunwa su suka fara zare shi. Ga shi yau ya faɗo hannun wanda suka yi wa, ba tare da ya nema ba, kuma Makka ba ta buɗe ba tukuna. Da wani kwamanda ne na zamaninmu da ya ce a ƙara wata biyu, za su miƙa wuya. Annabi (S.A.W.) ya ajiye makamin. Kuma kada ka manta, alkamar nan da ta shiga Makka ba mata da yara kaɗai suka ci ba, masu takobi ma sun ci. Ya san haka.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa wa samari ba: waɗanda suka karya waccan ƙauracewa ta kwarin Abu Ɗalib ba Musulmi ba ne a lokacin. Hishamu ɗan Amru yakan ɗora wa raƙumi abinci da dare, ya kai shi bakin kwarin, ya cire masa akala ya kora shi ciki. Shi da Zuhairu ɗan Abu Umayya da Muɗ'imu ɗan Adiyyu da wasu biyu suka tsaya har aka yaga takardar. Ashe an taɓa ciyar da mu ta hannun wanda ba namu ba. Bayan Badar kuma, fursunonin yaƙi sun ba da labarin mutanen Madina suna ba su gurasa su kuwa su ci dabino, a garin da gurasa ta fi dabino tsada. Suratul Insan, aya ta 8, ta yabi masu ciyar da mutum uku, na ukun shi ne kamamme, kuma kamammun Madina a wancan zamani mushirikai ne.

Malamanmu na Malikiyya ba su bar abin a matsayin kyautatawa kawai ba. A Muhtasar na Shehu Halil an kawo cewa wanda ke da rarar abinci ko ruwa, ya hana wanda ya matsu har ya halaka, akwai lamuni a kansa. Ka lura, matsuwa aka ambata, ba ƙabila ba. Zakka ita ce ke da masu ita guda 8 da Alƙur'ani ya ƙayyade, kuma mafi yawan malamai ba sa ba da ita ga wanda ba Musulmi ba. Amma ceton rai da sadakar ganin dama wani babi ne daban, kada wani ya haɗe maka su don ya tsere.

A nan ƙasarmu, game da maƙwabci Kirista ko mai addinin gargajiya, ba zan tsawaita ba. Gida ɗaya a Dabai ko Ribah za ka iske wa yana zuwa masallaci ƙane yana zuwa coci, tare suka yi golmo, tare ɓarayin daji suka kore su. Suratul Mumtahana aya ta 8 ta isar mana. Wanda ya rarrabe su a layin rabon masara ya ji kunya.

INDA GIZO KE SAƘA

Mai wuyar ita ce Bafulatana. Ta shigo gari da 'ya'ya 4, an ƙone rugarsu, ba ta da ko saniya, kuma kai ka binne ƙanenka bara, waɗanda suka harbe shi da Fulatanci ka ji suna magana. Wataƙila mijinta yana daji. Wataƙila kuma shi aka fara kashewa don ya ƙi shiga, gama kowa ya san Fulani makiyaya suna cikin waɗanda aka fara kwashe wa shanu. Ba ka sani ba, ita kuma ba za ta gaya maka ba. Na ji samari suna cewa, a bar su su ɗanɗana. Ina jin zafin da ya fito da wannan magana, ba na raina shi. Amma yaron nan ɗan shekara 3 da ke riƙe da zanenta, me ya ɗanɗana maka? Shari'a ba ta ɗora wa rai nauyin laifin wani, wannan ƙa'ida an maimaita ta a Alƙur'ani ba sau ɗaya ba. Ko da ta tabbata ubansa ne ya yi harbin, ubansa ake nema.

Idan wani ya ce: duk mudun da ka ba ta, rabinsa daji zai tafi, ka zama mai ciyar da masu kashe mu. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ba jahili kaɗai ke yin ta ba. Akwai masu kai wa ɓarayi burodi da man fetur da ƙwaya a kan babur suna karɓar kuɗi, kuma hannunsu dumu-dumu yake cikin jinin mutane. A kan wannan tsoro ne sojoji suka rufe ofisoshin ƙungiyoyin agaji 2 a Borno a Satumba 2019, kafin a bari su koma aiki. A kansa ne kuma Zamfara ta rufe kasuwannin mako ta katse layin waya a Satumba 2021.

Sai mu ce masa: akwai bambanci tsakanin sayar wa mai bindiga guzurin da zai kai hari da shi, da ciyar da wanda yunwa ke shirin kashewa. Na farko taimako ne a kan zalunci, haramun ne ko ribarsa nawa. Na biyu wajibi ne ko da kana zargin wani abu zai zurare. Ɓarawon daji ba da mudun masararka yake yaƙi ba. Da kuɗin fansa yake yi, da shanun sata, da harajin da yake ɗora wa ƙauyuka. In aka rufe kasuwa shi yana da bindigar da zai ƙwaci abinci, tsohuwar da ke ƙauye ba ta da ita. Yunwa in an sake ta, mai bindiga shi ne na ƙarshen da take kamawa. Wannan shi ne abin da aka gani a Idlib, kuma ban ga dalilin da zai sa ya zama daban a Wasagu ba.

Wannan bai hana hankali ba. Ka ba da dafaffe inda ya yiwu, a ci a gabanka. Ka ba da na kwana 3, ba buhu ba. Ka sa a hannun uwar, ba a hannun wani da ya ce shi wakilinsu ne ba. Ka yi da rana, da sanin mai unguwa da jami'an tsaro, don kare kanka daga zargi da kare ta daga masu ɗaukar doka a hannu. Man fetur da batir da katin waya ba sa cikin abin da ke tsai da rai, ba ruwanka da su. In kuwa ka ga alamar leƙen asiri, hukuma za ka kai wa, amma kwanon yaran ba ya cikin abin da za a ƙwace.

Ba zan yi maka alkawarin cewa wannan zai kawo sulhu ba. Wani lokaci yakan kawo. Girgizar ƙasa da igiyar ruwa ta 26 ga Disamba 2004 ta daki Aceh a Indunisiya ana shekara kusan 30 ana yaƙi, kafin wata 8 aka sa hannu a sulhu a Helsinki, ranar 15 ga Agusta 2005. Amma igiyar nan ita ce ta daki Sri Lanka, can kuwa rabon agajin ma ya zama abin faɗa, yaƙi ya dawo bai ƙare ba sai 2009. Armeniya ta aika wa Turkiyya motoci 5 ta gadar Margara ranar 11 ga Fabrairu 2023, karo na farko cikin shekara 35, amma ƙiyayyar da ke tsakaninsu ba ta narke a ranar ba. Saboda haka wanda ya ciyar don ya sayi zaman lafiya yana iya yin asara. Ita ayar Suratul Insan da ta biyo bayan wadda muka ambata ta nuna masu ciyarwar ba sakayya ko godiya suke jira daga wanda suka ba ba.

A nan ne zan yi wa 'yan'uwana 'yan agaji magana, su da ke sa kaki suna tsare sahu ranar wa'azi. Kayan hukumar NEMA ko ta jiha, ko na wani attajiri, sau da yawa a hannunku ake danƙa rabonsu domin an yarda da ku. Takardar sunaye ita ce wurin jarrabawa. A nan ake sa ɗan unguwarmu a sama, a manta da wanda ba ya sallah a masallacinmu. A nan ɗan siyasa ke son a jira shi kwana 2 don a ɗauki hoto da buhu mai sunansa. Jiran nan, in ka duba, ɗan'uwan jiran Babul Hawa ne, girma kawai ya bambanta su. Haka kuma mai mai da buhu ƙugiya, sai ka zo karatunmu za ka samu. Muna ƙin wannan in wasu suka yi wa 'ya'yanmu, to mu ma bai halatta gare mu ba. Musuluncin da aka karɓa don shinkafa, ranar da shinkafa ta ƙare ake gane shi.

Abu na ƙarshe da girgizar Sham ta nuna shi ne, waɗanda suka tono mutane a kwana ukun farko maƙwabta ne. Mota daga Birnin Kebbi ba za ta iso Mahuta ko Maga cikin sa'ar da jini ke zuba ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane masallacin unguwa ya kamata ya san samari nawa ne suka iya ɗaure rauni ya daina zubar jini, ya aika da wasu su koya wurin ma'aikatan asibiti ko ƙungiyar Red Cross. Ya san masu babur da za a tasa da dare. Ya san rukunin jinin samarinsa, domin asibitin Zuru in an kawo masu rauni jini ake fara nema. A ajiye igiya da shebur da tocila a ɗakin ladan. A ware mudu ɗaya daga kowane gida lokacin kaka, a sa amintattu biyu su riƙe makulli, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita a karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a. Littafin da za a rubuta masu karɓa kuwa a ja masa layi uku: sunan mai gida ko uwar gida, yawan bakunan da ke ci, da ƙauyen da suka taso. Kada a ja na huɗu.